Ƙarfen Kujerar Gaba

Ba don Nagumo, tsohon ma'aikacin wani filin wasa, mutum ne da ba ya iya barin gardama ta kwana ba, da Kuwabara Fumie ba ta san abin da ake ƙullawa ba sai ranar da babbar mota ta sauke mata kayan a ƙofa. Da hantsi ya bugo mata waya, tana bisa tsani tana goge ƙurar da ta taru a kunnen wani dokin katako.

"Kuwabara-san, zo ki raba ni da Maigida. Cikin tsofaffin hotunan nan da kike tarawa, akwai na jirginmu Tsumuji mai kala, na shekarun farko? Ni na ce jansa irin na tumatir ne, shi ya kafe wai ya fi haka duhu. Tsufa ya cinye masa ido amma ba zai yarda ba."

"Ja kuma? Me za ku yi da ja?"

Can daga nesa a cikin wayar ta jiyo wata murya mai kauri tana tambayar wa ake kira, a bayan muryar kuma wani inji yana kuka, irin kukan da ake ji idan ana gurzar ƙarfe.

"Af, na yi ɓaranɓarama," in ji Nagumo ƙasa-ƙasa. "Ki yi kamar ba ki ji ba. So yake ya ba ki mamaki."

Ya kashe wayar. Fumie ta sauko daga tsanin a hankali.

Shekara goma sha wani abu ke nan tana riƙe da gidan tarihin kayan wasa a wata tsohuwar firamare da yara suka ƙare mata aka rufe. Hukumar gari ta ba ta zauren motsa jiki, ita kuma ta cika shi da abin da filayen wasa ke bari idan sun mutu: dawakan lilo, motocin karo da juna, kujeru daga babban lilo mai juyawa, har da wani panda na ƙarfe, dabbar nan mai baƙi da fari, da ke tafiya da yaro a bayansa idan an jefa masa kuɗi. Tana budurwa ta sayar da tikiti a ƙaramin filin wasan da ke saman rufin wani kanti, kuma a gaban idonta 'yan gwangwan suka zo suka ɗora shi a sikeli suka tafi da shi. Tun daga ranar take bin filayen da za a rufe. Ƙanwarta kan ce mata ungulu, ita kuma ba ta musu.

Taragon jirgin hawa-da-gangara, irin jirgin ƙasan wasa da ke hawa sama ya gangaro da mutane a guje, tana da guda biyu, ba ta son ko ɗaya. Masu hali ne suka saye su suka gyara kafin su ba ta, suna ƙyalli kamar ba a taɓa yin amai a cikinsu ba. Baƙi kan tsaya gabansu su ce ya yi kyau, su wuce wajen panda.

Tsumuji daban ne. Shi ne jirgin filin wasa na Kujiraoka da ke bakin teku, wanda aka rufe bara da kaka, kuma kamfanin ya yarda ya ba ta taragon gaba. Da ta je ganinsa, iskar gishiri ta kwashe masa launi, kujerunsa biyu, ta gaba da ta baya, sun lotsa, ga sunayen masoya da aka kankara a jikinsa da bakin makulli. Amma abin da ya tsayar mata da numfashi shi ne ƙarfen nan da ake saukewa a cinyar mahayi. Baƙin fentinsa ya cinye daidai inda hannuwa ke damƙa, har ƙarfen ya yi santsi ya ɗan rame a wurin. Ba maƙeri ne ya yi wannan aikin ba, tsoron mutane ne na shekara arba'in da ɗoriya. Shi take so ta kafa a tsakiyar zaurenta, wanda ya taɓa hawa ya gani ya ji cikinsa ya sake ɗurar ruwa.

A ranar ta ce da Oguma, shugaban ma'aikatan jirgin da Nagumo ke kira Maigida, wanda ya kula da shi tun yana saurayi, "Kada ku wahalar da kanku, Oguma-san. Ku bar shi yadda yake." Ya rusuna ya ce to.

To nan gizo ke saƙar. A ƙasar nan wa ya taɓa karɓar kyauta bai ce kada ka wahalar da kanka ba? Wa kuma ya taɓa jin haka ya fasa wahalar? Mu da muke wanke kwalbar da za mu jefa a shara, mu goge gidan haya ƙal ranar da za mu tashi, mu ne za mu miƙa wa mutum tarago da tsatsarsa? Oguma ya ɗauki maganarta a matsayin kara, ya ajiye ta inda ake ajiye kara. Laifin kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Fumie ma 'yar ƙasa ce, ya kamata ta san da wane kunne za a ji ta.

Ta kulle zauren ta shiga ƙaramar motarta. Ta kira Nagumo bai ɗauka ba, Oguma kuwa ba ya shiga wurin aiki da waya a aljihu. Hanyar doguwa ce, ta cikin duwatsun da har yanzu ƙanƙara ba ta gama narkewa a kansu ba, kuma a duk tsawonta magana ɗaya take nanatawa a ranta: ko rabin kujera ne ya rage, da shi za ta dawo.

Tana gab da shiga garin ta tuna hannunta ba komai. Abin takaici, sai ta tsaya. Macen da ta taho tana taka mota kamar mai kai mai naƙuda asibiti, amma da aka zo batun shiga wurin dattijo ba tsaraba, ƙafarta ta ƙi. Ta shiga wani shagon alewar wake. Yarinyar shagon ta zaɓi takarda, ta naɗe kwalin, ta ga kusurwa ɗaya ba ta kwanta ba ta warware ta sake, ta ɗaura zare, ta sa a jaka, ta rako ta har bakin ƙofa tana godiya. Fumie ta tsaya tana murmushi har aka gama, ranta kuwa kamar ta fizge kwalin ta ruga.

A Kujiraoka an riga an fara kwance dogon jirgin. Rabin tudun farko na nan tsaye a sama, bai nufi ko'ina ba. Ta zagaya baya inda rumfar gyara take, warin fenti ya tarye ta tun kafin ta kai ƙofa.

Taragon na ɗore a kan katako a tsakiyar rumfar. An kankare jikinsa na waje duka, an shafe shi da fentin farko mai ruwan toka, sunayen masoya sun tafi. Kujerar baya an sa mata sabuwar fata. Ƙarfen baya an gurje shi tas yana walƙiya. Ta yi ta maza ta dubi gaba. Kujerar gaba na nan a lotse, ƙarfenta na nan da baƙin fentinsa da wuraren da hannuwa suka cinye, ba a kai gare su ba tukuna.

"Ga ta kuwa," in ji Nagumo, dogon tsoho mai tabarau, injin gurzar ƙarfe a hannunsa. "Yanzu-yanzu muka gama na bayan. Da kin zo da wuri kaɗan da kin ga tartsatsi."

Fumie ta dubi jakar alewar da ke hannunta, ta ji kamar ta maka ta da ƙasa.

Oguma ya fito daga bayan taragon yana goge hannu da tsumma. Gajere ne kakkaura, kansa fari fat, sanye da kayan aikin kamfani a goge da kari, duk da kamfanin ya sallame su tun kaka. Ya harari Nagumo.

"Bakinka rariya ne. Abu ɗaya na ce ka riƙe." Sannan ya juya gare ta ya rusuna. "Sannu da hanya, Kuwabara-san. Kin same mu cikin datti, ki yi haƙuri. So na yi ki gan shi bayan ya yi wanka."

Ita ma ta rusuna. Aka kifa akwati aka shimfiɗa tsumma mai tsabta, Nagumo ya zuba koren shayi daga filas. Ta miƙa kwalin da hannu biyu tana cewa ɗan abu ne ba wani mai daɗi ba.

"Ai da ba ki wahalar da kanki ba," in ji Oguma, ya karɓa.

Ta ji maganarta ta dawo mata daga bakinsa, haka ta haɗiye ta da shayi. Aka tambayi hanya, aka tambayi ƙanƙara, aka tambayi lafiyar matarsa da ciwon ƙugunta. Duk wannan idon Fumie na kan injin da Nagumo ya ajiye kusa da ƙafarsa. Da aka gama gaisuwa ta fara hannunka-mai-sanda.

"Aikin nan ya yi muku yawa, ga sanyi. Abin da kuka yi ai ya isa haka."

"Mun kusa," in ji Oguma. "Na gaba kaɗai ya rage, sai jan fenti."

"Irin na tumatir," in ji Nagumo.

Ta sake gwadawa. "Ka san a gidan tarihi, mutane kan so su ga abu da tsufansa."

"Haka ne," in ji Oguma yana gyaɗa kai. "Tsufa da mutunci. Ko gawa ai sai an yi mata wanka an sa mata fararen kaya kafin 'yan'uwa su shigo."

"Ni ma in na mutu ku yi min fenti, Maigida."

"Kai da bakinka za mu fara, da samfefa mai kaushi."

Fumie ta ajiye kofin. "Ƙarfen gaban nan, Oguma-san. Ni a ganina ya fi kyau a yadda yake."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda babba ke yi wa yaron da ya yabi abincin da ya ƙone. "Kina da kirki, Kuwabara-san. Amma ni ma ina da ido." Ya shanye sauran shayinsa, ya dafa gwiwa ya miƙe. "Ki zauna ki huta. Nagumo, jona injin, mu gama kafin rana ta karkata."

Sau uku ta faɗa, sau uku ya mayar mata da ladabi. Da za ta faɗa sau goma ma haka zai yi, domin duk yadda ta lulluɓe maganar, lulluɓin yake gani ya gode. Nagumo ya jona waya, ya taɓa makunni, injin ya yi ƙara ya tsaya.

Ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Ta miƙe ta wuce su, ta cire takalmanta ta jera su a gefen katakon, ta ɗaga ƙafa ta haye taragon, gwiwarta na ƙorafi. Ta zauna a kujerar gaba, ta kama ƙarfen ta jawo shi ƙasa. Ya yi ƙas-ƙas-ƙas ya kulle a cinyarta.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya shi. Jin wannan ƙarar, ƙafar Oguma ta taka gaba kafin kansa ya ba ta izini. Ya damƙi ƙarshen ƙarfen da hannun hagu ya jijjiga, ya nuna shi da yatsan dama.

"Ƙarfe ya kama!"

"Ya kama!" Nagumo ya amsa daga baya.

Nagumo ya fashe da dariya, har yana riƙe ciki. Kunnuwan Oguma suka yi ja, ya tsaya a wurin hannunsa na kan ƙarfen bai san ma bai ɗauke ba. Aikin da mutum ya yi kullum tun yana saurayi ba ya jiran a ce masa filin ya mutu.

"To Maigida, akwai fasinja," in ji Nagumo yana share hawaye a ƙarƙashin tabarau. Ya sunkuya ya ajiye injin a ƙasa. Wannan kuwa ba wasa ba ne. Dokar farko da Oguma ke koya wa duk wanda ya shigo ƙarƙashinsa ita ce ba a kusantar tarago da kayan aiki matuƙar akwai mutum a ciki, ko da sukudireba ce.

Oguma ya ce, "Kuwabara-san, ki fito. Za ki ɓata kayanki."

"Ba zan fito ba."

Ƙarfen ba ya buɗuwa daga ciki. Akwai wata feda a gefen taragon daga waje, ma'aikaci ke taka ta da ƙafa. Oguma ya dube ta.

"Zan taka."

"Ka taka, in sake jawowa. Ni ba inda za ni."

Zuciyarta na bugawa kamar da gaske jirgin zai tashi. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi wa wanda ya girme ta ba.

"Oguma-san, ba kara nake yi maka ba. Ranar nan ma ba kara na yi maka ba. Da na ce ku bar shi yadda yake, haka nake nufi. Abin da kuka yi wa taragon nan ɓarna ce. Abin da na zo nema shi kuka gurje, wannan ƙarfen kaɗai ya rage, kuma ba zan bari a taɓa shi ba."

A wurinmu magana irin wannan ga dattijo, a gaban na ƙasa da shi, ba ta da bambanci da mari. Dariyar Nagumo ta ɗauke, ya shiga kallon rufin kwano kamar yau ya fara ganinsa. Fumie ta ji kunya ta rufe ta har wuya, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ɓarna," in ji Oguma. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Kin san shekara nawa na yi ina roƙon fenti? Kullum manaja ya ce baɗi, baɗi ta zo ya ce baɗi. Kowace safiya in buɗe rumfar nan in gan shi ya koɗe kamar tsumman goge ƙasa, a haka in tura shi gaban yara. Wata mata ta taɓa janye ɗanta daga layi, ina tsaye, ta ce kada ya hau, masu wannan abin ba su damu da shi ba, wata rana zai kashe mutum. Ni da ban taɓa barin noti ɗaya ya kwana a kwance ba. Ba wanda ya taɓa ko ƙuje gwiwa a jirgin nan. Yanzu da kuɗin aljihuna na sayi fentin da suka hana ni. Ke kuma kina so ki ɗauke shi a yadda yake, ki kafa a gaban duniya, ki rubuta Kujiraoka a ƙasa, jikokina su zo su ga aikin kakansu."

Wannan ba ta taɓa kawo shi a ranta ba. Ita hannuwan mahaya take gani a jikin taragon, shi kuwa shekarun da ya yi yana jin kunya yake gani. Tausayinsa ya kama ta sosai, har ta ji idonta ya yi zafi. Amma tausayi daban, sakin ƙarfe daban.

"Na ji, kuma na yarda an cuce ka," ta ce. "Jikin waje aikin gama ya gama, ku shafa masa jan da kuke so. Amma fenti kowa na iya saye, Oguma-san. Wannan ba shagon da ke sayar da shi."

"Gumin mutane ne da datti."

"Shi nake so."

"To ki neme shi a wani filin. Kamfani ya ce in miƙa miki shi idan ya shirya, ni kuma nake cewa ya shirya. A haka ba zai fita daga hannuna ba. Gara in bar wa 'yan gwangwan, su dai ba sa rubuta sunan kowa."

Ta san irin mutanen nan, idan suka faɗi magana a hankali haka ba sa janye ta. Ta fito ceton ƙarfe ɗaya, ga shi tana neman rasa taragon gaba ɗaya. Duk da haka ta gyara zama a lotsattsiyar kujerar.

"Sai dai su auna har da ni."

"Maigida, ko in kawo mata bargo?" in ji Nagumo a hankali. "Da alama nan za ta kwana."

"Rufe min baki."

Oguma ya ɗauke hannunsa daga ƙarfen, ya ja da baya don ya taka fedar. A lokacin ne ta gani. Can ƙarshen ƙarfen, wajen gefen da ma'aikaci ke tsayawa, inda tafinsa ya rufe tun ɗazu, akwai wani wurin da fenti ya cinye. Da ta zo da kaka ba ta lura da shi ba, hankalinta na kan inda mahaya ke kamawa. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ɗaya ba, ya kuma fi sauran zurfi, ƙarfen ya rame a wurin har ana gani da ido.

"Oguma-san, tsaya. Nan fa?" Ta nuna ba ta taɓa ba. "Fasinja ba ya kama nan. Hannunsa ba ya ma kaiwa da daɗi."

Ya tsaya da ƙafa a sama, ya sauke ta a ƙasa. Ya sunkuya ya duba. Nagumo ma ya matso, ya goge tabarau da gefen riga ya mayar.

"Ai nan ake kamawa a jijjiga," in ji Nagumo. "Nan kake kamawa, Maigida. Na gaba ba ka taɓa bar wa kowa ba, ko ranar da zazzaɓi ke kaɗa ka."

Oguma ya mayar da tafinsa a wurin a hankali. Ya zauna daram, yatsu da komai. Ya ɗauke, ya sake mayarwa.

"Matar nan da ta janye ɗanta," in ji Fumie, "fenti ba zai gaya mata an duba ba. Wannan ne zai gaya mata. Shi nake so jikokinka su gani, shi kuma kake shirin gurjewa."

Ya daɗe a sunkuye yana kallon wurin, kamar wanda aka nuna masa hotonsa na ƙuruciya da bai san an ɗauka ba.

Ba su lura da lokacin da Nagumo ya bar wurinsu ba. Ƙas-ƙas-ƙas ɗin da suka ji a baya ne ya sa suka waiga. Ya sauke ƙarfen kujerar baya, ya damƙi ƙarshensa da hannun hagu ya jijjiga yadda ya saba, amma bai nuna da yatsa ba, bai kuma ce ya kama ba. Ya ɗauke hannun ya duba. Ƙarfen na walƙiya daga farko har ƙarshe, sumul, ko'ina ɗaya. Kujerar baya tasa ce. Tun ranar da ya shigo aikin, Oguma na gaba shi yana baya.

"Da kaina na gurje shi," ya ce. Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba. "Har ina ce maka nan wurin ya cika taurin kai, akwai rami, sai da na danna injin sosai kafin ya daidaita. Ka tuna, Maigida? Ka ce in ƙara dannawa."

Oguma ya miƙe. Ya taka zuwa bango ya zare wayar injin daga wuta, ya naɗe ta a hannu a hankali, ya rataye a ƙusarta. Sannan ya dawo ya tsaya a gaban Nagumo, ya haɗa ƙafafu, ya rusuna masa can ƙasa, irin rusunawar da bai taɓa yi wa manaja ba. Ya tsaya a haka.

"Haba Maigida, ɗago mana," in ji Nagumo. "Bayanka zai riƙe, ni kuma ba zan iya ɗaukarka ba." Ya cire tabarau ya juya fuskarsa wajen ƙofa.

Fumie ta samu abin da ta zo nema. Ta san ƙarfen gaba ya tsira, ba wanda zai sake kusantarsa da inji, amma ta laluba a zuciyarta ba ta sami murnar ba. Har yanzu tana kulle a kujerar. A cikinsu ba wanda ya tuna ya taka fedar, ita ma ba ta tuna musu ba. Ta ɗauke hannuwanta daga kan ƙarfen ta ajiye a ƙirji, ta zauna tana jira.